Kwalbar Maganin Gansakuka a Kayan Ummi

Greensboro,
Laraba, 6 ga Maris.

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya kai ki Wilmington lafiya ranar Asabar, Ya tsare ki a hanya, Ya sa aikin asibitin nan ya zame miki alheri. Da gangan na rubuto da Hausa. Ki zauna ki karanta a hankali har ki gane, kada ki bai wa waya ta juya miki ita zuwa Turanci.

Shekara tara ke nan ban tsaya sahu ɗaya da Alhaji Illa ba. Kin san shi, mutumin Maraɗi mai tura tsofaffin motoci gida. Idan na shiga masallaci na hango hularsa a dama, hagu nake yi. Mamanki ta ce wannan ba halin musulmi ba ne, liman ma ya taɓa yi min nasiha a kai, na saurare shi na gode masa, ban canza ba. Ku yara kun ɗauka rigimar tsofaffi ce. A kan tankin kifin da za ki ɗauka ranar Asabar ne, kuma da ban ga abin da na gani jiya a kayanki ba, da da wannan magana za a binne ni.

Ba bincike nake yi ba. Salatif nake nema a kwalin da kika zuba kayan tanki, sai ga kwalbar maganin gansakuka, sabuwa, ko buɗe ta ba a yi ba. Da na tambaye ki, ko ɗago kai ba ki yi daga waya ba, kika ce min da Turanci wai mutumin shagon kifi na titin Wendover ya ce ba ta cutar da komai, wai ki ajiye ko da za a buƙata. Mutumin shago! Yaron da watan jiya takalma yake sayarwa. Raina ya ɓaci, na fita na zauna a mota. Kika leƙo kika ce, "Oke, Baba, oke." Na san wannan oken naki. Ma'anarsa za ki yi abin da kika ga dama da zarar kin bar garin nan.

To ki ji. Likita ya hana ni ɗaga bokiti saboda bayana, shi ya sa na yarda ki tafi da tankin. A cikinsa akwai Gwaggo. Ke kika raɗa mata sunan kina 'yar shekara goma, saboda yadda take korar kowa daga kusurwarta. Ita kaɗai ta rage daga kifayen farko, ta tsufa, kuma ba za ta iya sake tsallake abin da ta taɓa tsallakewa ba. Gansakuka za ta fito miki, wannan ba shakka. Duk tankin da aka tayar aka sake kafawa sai ya yi kore cikin 'yan makonni. Za ki dawo daga aikin awa goma sha biyu a gajiye, ki ga duwatsu sun yi gashi kore, ki ji kunya in wata ƙawarki ta shigo, ki tuna akwai kwalba a kabad. Halinki halina ne, kina da saurin fushi kuma ba kya son a yi miki dariya. Wannan nake tsoro.

Digiri biyu gare ni a kimiyyar sinadarai. Na koyar shekara goma sha ɗaya a Zariya kafin in zo ƙasar nan, inda aka duba takarduna aka ce ba a san makarantar ba, aka miƙa min makullin motar ɗaga kaya a sito. Har yau ita nake tuƙawa. Yaran da na girma da shekara talatin suna kirana da sunana gatsal, suna nuna min inda zan ajiye kwali. Wata rana aka tura ni kai kaya wani gida a unguwar masu kuɗi ta Irving Park, na ga tankin ruwan gishiri a bangon falonsu, da murjani mai rai yana kaɗawa. Na tsaya ina kallo har matar gidan ta yi gyaran murya. Bayan wata uku na sayi tsohon tanki hannun wani Bature a Sedgefield da zai bar gari. A duk faɗin Amurka, wannan akwatin gilashin ne kaɗai wurin da karatuna yake da amfani. Ki riƙe wannan a ranki, don shi ne ya sa na yi wautar da na yi.

Wautar ta fara ne daga ruwa. Baturen ya haɗa min da injin tace ruwa, ya ce kada in taɓa zuba ruwan famfo. Da matatar injin ta ƙare, na ce dabarar 'yan kasuwa ce, ni da na koyar da ilimin ruwa wa zai gaya min? Ruwan da mutum ke sha ya zauna lafiya ai kifi ma zai zauna. Na riƙa cire masa kulorin kawai ina cika tanki da shi, shekara biyu cur. Kifi bai mutu ba, na ce kun gani. Ashe ɗan fosfet ɗin da ke cikin ruwan famfo duwatsu suna shanye shi kaɗan-kaɗan, suna ajiyewa. Fosfet da naitiret su ne takin gansakuka, kamar yadda kashin shanu yake takin dawa. Dutsen da ya sha shekara biyu kuwa ba ya amayar da shi a mako biyu. Saboda haka injin nan da na ɗaure miki a kwali na dabam, shi za ki fara haɗawa kafin ki haɗa gado. Kowane ɗigon da zai shiga tankin ta cikinsa zai bi, har ruwan ciko na wanda ya tashi sama. Idan ƙaramin agogon jikinsa ya daina nuna sifili, ki canza matata a ranar. Kada ki ce gobe.

Da gashin koren ya fara fitowa, na ɗauko kayan gwaji. Fosfet sifili, naitiret kusan sifili. Na yi ta maimaitawa, sakamako ɗaya. Na zauna ina kallon takarda maimakon in kalli tanki, na yanke hukunci cewa ruwana ba shi da laifi. Ɗalibin aji ɗaya da ya kawo min wannan amsar da na kore shi daga ɗakin gwaji. Gwajin ya nuna sifili ne saboda gansakukar tana cinye takin tun kafin ya taru a ruwa. In kin ga kore yana tsawo, akwai taki, ko gwaji ya ce me. Ki yarda da idonki.

A wannan hali ake Hajiya ta zo, kakarki, takwararki. Wata shida ta yi da mu, kina aji tara a lokacin. Da safe mamanki ta tafi aiki, ni na tafi sito, ku kun tafi makaranta, a bar tsohuwa ita kaɗai a gida. Ba ta jin Turancin talabijin, ba ta san kowa a layin ba, ba wanda zai yi sallama a ƙofa. Sai ta jawo kujera gaban tanki. Ta fi son kifi mai ruwan ɗorawar nan, ita ta sa masa suna Ɗorawa, tana yi masa hira kamar mutum. Duk sallah in ta idar, sai ta ɗebi abinci ta watsa musu. Sau biyar a rana. Ta ɗage labule don su sha rana, ta kunna musu fitila tun asuba don kada su zauna a duhu. Na ji ta wata rana tana ce wa mamanki, "Bayin Allah, an kulle su a gilashi, ba su da bakin roƙo. Wanda ya ba su ai sadaka ya yi."

Ni kuwa suruki ne. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa kiran sunanta ba, shi ya sa ke ma nake ce miki Ummi. Ta yaya zan tsaya a kanta in ce Hajiya ki daina? Na ce wa mamanki ta gaya mata. Ta dube ni ta ce, "Ni zan ce wa uwata kada ta yi sadaka? Kifinka ne, bakinka ne." Sai na yi abin da matsoraci ke yi, na ɓoye gwangwanin abincin a saman kabad. Hajiya ta ɗauka ƙarewa ya yi kuma surukinta bai samu sukunin sayen wani ba. Don ta rufa min asiri sai ta koma marmasa musu burodi, wani lokaci da 'yar shinkafa. Cikin wata guda gilashi ya rufe, duwatsu suka yi gashi kamar tsawon yatsa, ya fara hawa kan murjani yana shaƙe shi.

Abin da ya kamata in yi ba shi da wuya, sai bayan shekaru ya zo min. Akwatin ƙwayoyin magani mai gida bakwai, na kwanakin mako, shi za ki samu. Ki zuba abincin kowace rana a gidansa, daidai abin da za su cinye cikin minti ɗaya ko biyu. Duk baƙon da ya sauka wurinki, babba ko yaro, ki miƙa masa da hannu biyu ki ce, ga rabonsu na yau, ke za ki ba su, in ya ƙare ya ƙare. Da na yi wa Hajiya haka da ta ji daɗi an ba ta amana. Abincin da ke cikin firiza ki narkar da shi ki tsiyaye ruwan kafin ki zuba, ruwan nan taki ne zalla. Tanki ya yi nesa da taga. Fitila awa takwas ta isa, ki sa ta a kan agogo mai kashe kansa don kada tausayin wani ya shiga ciki. Kuma ki buɗe baki ki yi magana. Kunyar da muke alfahari da ita tana da wurinta, amma ni ta mayar da ni mai ɓoye gwangwani a gidana.

Yanzu ranar. Washegarin Babbar Sallah ce, mamanki ta gayyaci mutane cin nama, falo ya cika. Na so in rufe tankin da zane, ta ce zai fi jawo ido. Alhaji Illa ya shigo da babbar rigarsa, ya tsaya gaban gilashi, ya sunkuya, ya daɗe yana leƙe. Sannan ya juyo yadda kowa zai ji, ya kira ni da "Mushe" ɗin nan nasu na 'yan Maraɗi mai nufin Malam, ya ce, "Mushe, ina kifin? Ni dai haki nika gani." Aka fara dariya. Ya ce, "Wallahi da na sani da ban sayi haki ba, da nan na kawo ragona ya yi kiwo, ya ƙara ƙiba kahin layya." Wani ya ce a bar Malam, bincike yake yi. Alhaji Illa ya ce, "Wane bincike? Shekara ashirin a lakwal ana boko, a ƙare da noman alayyafo cikin salo, inda baƙi ka zama? Kifin ma ba a ci, ba a saidawa. Mushe, ka zo garejina in ba ka aikin wankin mota, ka ga can ruwa na da amfani."

Mutumin da ko sunansa da ƙyar yake rubutawa. A gidana, da namana a hannunsa. Na yi murmushi, na miƙa masa lemo, domin mai gida ba ya faɗa da baƙo.

Bayan la'asar baƙi suka watse, ku da mamanki da Hajiya kuka fita kai nama gidajen da ba su samu zuwa ba. Ina ganin motar ta juya kwana na shiga tawa. Shagon kayan kifi a rufe yake, sai na shiga babban kantin kayan lambu na sayo maganin gansakuka na kududdufin bayan gida, na ruwan daɗi. Na karanta jikinsa, na ga akwai sinadarin jan ƙarfe. Na san abin da jan ƙarfe ke yi wa dodon koɗi da jatan lande da murjani. Na sha rubuta shi a allo. Na ce wa kaina kaɗan zan sa, ni na san lissafi. Da na zuba ban ga komai ya canza ba, na ƙara. Na sake ƙarawa. Sannan na kwashe rabin duwatsun na kai bahon wanka, na sake musu ruwan zafi, na goge su da burushi har suka yi fari tas. Maganar Alhaji Illa nake gogewa. Kafin ku dawo na mayar da su, na jefa kwalbar a kwandon shara na waje, na rufe ta da ƙasusuwan rago.

Duwatsun nan ba ado ba ne, Ummi. A cikin ramukansu ƙwayoyin halitta suke zaune, su ke mayar da ƙazantar kifi ta daina zama guba. Ruwan zafi ya kashe su. Maganin ya kashe duk wani abu marar ƙashin baya, gawarwakin suka fara ruɓewa, gansakukar da ta mutu gaba ɗaya ita ma ta ruɓe ta shanye iskar ruwa. Da gari ya waye ruwan ya yi fari kamar an zuba nono, dodon koɗi duk sun faɗo ƙasa, murjani ya saki namansa ya bar farin ƙashi. Kifi suna sama suna haki. Na haɗa sabon ruwa a bokiti na kwashe su, amma na makara. Kwana uku suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Duwatsun ma zubar da su na yi, don jan ƙarfe in ya shiga dutse ba ya fita.

Wannan kwalbar taki ba irin tawa ba ce, na sani, na karanta jikinta. Ki jefar da ita duk da haka. Ko ta kashe koren, takin yana nan, wani zai fito a madadinsa, wataƙila mafi muni. Abin da ke aiki ba shi da daɗi kuma ba ya sauri. Ki sa hannu ki tsinke gashin, ki riƙe tiyo kusa da yatsunki yana zuƙe abin da ya tsinke zuwa bokiti, don kada ya yi yawo ya sauka wani wuri. Lungunan dutse ki bi su da tsohon burushin goge baki, a cikin bokitin ruwan tankin, ba na famfo ba. Duk mako ki canza kashi ɗaya cikin goma na ruwa. Kofin injin kumfa, mai tsame ƙazantar ruwan, ki wanke shi duk bayan kwana biyu ko uku, ko yana wari. In gashin ya gajarta ki ƙara dodon koɗi kaɗan, su ba sa cin dogo. Abu ɗaya za ki canza a lokaci guda, ki jira mako biyu ki ga abin da ya yi. Tankin da kike gani yanzu wata bakwai na yi ina wannan kafin ya yi kyau. In wani ya shigo ya yi dariya a wata na uku, ki bar shi ya yi. Ranar da ranki yake ɓace kada ki sa hannu a ruwan nan ko kaɗan, ki ciyar da su ki fita.

Ranar tafiya, duwatsu su zauna cikin ruwansu a bokiti mai murfi, kada su bushe ko na minti goma. Tsohon yashi ki zubar, na saya miki sabo. Gwaggo ita kaɗai a nata bokitin, a ƙasan kujera, ba a but ɗin mota ba.

Saura abu ɗaya, shi ne ya hana ni faɗin wannan da baki. A rana ta biyu, ina tsugune ina tsamo gawar Ɗorawa da raga, mamanki ta tambaye ni me ya faru. Hajiya tana zaune a kujerarta da carbi. Kina bakin ƙofa da jakar makaranta, na san kin ji. Na ce, "Abinci ne ya yi musu yawa." Ban kalli kowa ba. Hajiya ta sunkuyar da kai, ta tashi ta shiga ɗaki. Daga ranar har ta koma Kano ba ta sake zama a falo ba. Ke da mamanki kun tashi a kan cewa tausayin Hajiya ne ya kashe kifin Baba, har wasa kuke yi da shi. Abincinta ya ƙara wa gansakuka ƙarfi, wannan gaskiya ne, amma gansakuka ba ta kashe kifi ko ɗaya ba. Ni na kashe su. Mamanki ba ta san da kwalbar ba har yau. In kin ga dama ki nuna mata takardar nan, ni na kasa.

Allah Ya kiyaye ki daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin zuciyarki in ta tashi. Ya haɗa ki da maƙwabta na gari, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiyar da za ki kula da su. Ki riƙe sallah a kan lokaci ko aiki ya yi yawa. Ki kira mamanki in kin isa.

Kifi bakwai ne suka mutu, da murjanin da na yi shekara huɗu ina reno. Duk Sallah in an kira gida aka ba ni Hajiya, bayan gaisuwa sai ta ce, "Malam, ka yafe min kifin nan." Ni kuma in ce, "Ba komai Hajiya, ya wuce." Sallah goma sha biyu muka yi haka. Shekara uku ke nan da rasuwarta, kuma ban gaya mata ba.

Mahaifinki,
Habu